Daniyel Maknotan: Masassaƙin Da Haukansa Ya Zama Ma'aunin Kotunanmu

Wasu shekaru da suka wuce, wata hidimar zumunci ta tashe ni daga Katsina zuwa Maraɗi. Muna tsaye a Magamar Jibiya, inda matafiyi ke sallama da Nijeriya kafin ya doshi Ɗan Isa, sai hayaniya ta ɓarke a gefen tasha. Wani saurayi mai dakon kaya ne ya ɗauki guntun itace ya rafka wa wani ɗan kasuwa a ka, ba tare da wata cacar baki ta haɗa su ba. Da aka rirriƙe shi bai yi yunƙurin gudu ba, bai kuma musa ba. Abin da kawai yake nanatawa shi ne wai mutumin nan ya shafe watanni yana bin sawunsa daga kasuwa zuwa kasuwa, yana turo masa masu magana a kunne cikin dare. Shi kuwa ɗan kasuwar, da ya farfaɗo, ya rantse bai taɓa ganin yaron ba.

Nan take jama'a suka kasu uku. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ƙwaya ce, wasu kuma suka ce tabarmar kunya ce ake son naɗewa da hauka. Kowa ya yanke hukuncinsa a tsaye, babu wanda ya ga bukatar bincike. Ni kuwa, da yake aikin lauya na karanta, sai zuciyata ta tafi ga wani mutum da ya mutu tun 1865 a wata ƙasa mai nisa, wanda bai taɓa jin sunan Jibiya ba, amma kuma da ma'aunin da aka ƙera saboda shi za a auna wannan saurayi idan aka gurfanar da shi. Sunansa Daniyel Maknotan, wanda littattafan shari'a ke rubutawa M'Naghten. Kowane ɗalibin lauya a ƙasar nan ya haddace ƙa'idojin da ke ɗauke da sunansa, amma kaɗan ne suka san mutumin. Tarihinsa nake so mu duba yau, domin akwai darasi a ciki ga alƙalanmu, da likitocinmu, da mu kanmu.

An haifi Maknotan a birnin Gilasgo na yankin Sikotlan a 1813. Iyayensa ba su yi aure ba, kuma bayan rasuwar mahaifiyarsa ya koma gidan mahaifinsa, wanda masassaƙin katako ne, irin masu murza itace a kan na'ura su fitar da ƙafafun kujeru da makamantansu. A shagon uban ya koyi sana'a har ya ƙware. Da ya ga uban ba shi da niyyar sa shi cikin mallakar shagon, sai ya fice ya shiga wasan kwaikwayo na kimanin shekara uku, sannan ya dawo Gilasgo a 1835 ya buɗe nasa shagon. Waɗanda suka san shi a lokacin sun shaide shi da ƙwazo, da tsimi, da nisantar giya. Yana halartar laccocin makarantar masu sana'a, yana shiga muhawara, har ya koya wa kansa Faransanci. Wato dai, mai karatu, wannan ba mahaukacin bola ba ne mai yawo tsirara. Mutum ne mai sana'a, mai ajiya a banki, wanda za ka yi ciniki da shi ka tafi ba ka ga komai ba.

A ƙarshen 1840 ya sayar da shagonsa, ya shiga kai-komo tsakanin Gilasgo da Landan, har ya leƙa Faransa. A wannan tsakani ne abin ya fara bayyana. Ya kai kuka wurin mahaifinsa, da wurin wani babban jami'in 'yan sandan Gilasgo, da wurin wani ɗan majalisa, cewa 'yan jam'iyyar Tori sun sa masa ƙahon zuƙa, sun baza 'yan leƙen asiri suna bin sa dare da rana, duk inda ya gudu sai ya tarar da su. Kowa ya saurare shi ya sallame shi. Babu wanda ya kai shi wurin likita. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ne wanda muka fi yawan maimaitawa a gidajenmu har gobe.

Ranar 20 ga Janairun 1843, da rana tsaka, a kan hanyar da ta nufi gidan Firayim Minista a Landan, Maknotan ya bi wani mutum ta baya ya harbe shi da ƙaramar bindiga. Wani ɗan sanda ya cafke shi kafin ya harba ta biyu. Wanda aka harba shi ne Edwad Duramon, sakataren Firayim Minista Robat Fil, kuma abin da aka fi yarda da shi shi ne Maknotan ya zaci Firayim Ministan ne da kansa. Da fari an ɗauka raunin ba mai kisa ba ne, domin Duramon ya taka da ƙafarsa kuma an ciro harsashin, amma bayan kwana biyar ya cika. Wasu masana na ganin maganin zamanin, na tsiyayar da jinin majiyyaci da ɗora masa matsattsaku, ya taimaka wajen ƙarasa shi. A jikin Maknotan kuwa an sami takardar ajiyar banki ta fam 750, kuɗi masu kauri a wancan lokaci.

An yi shari'ar a babbar kotun Ol Beli a farkon Maris na 1843, ƙarƙashin Babban Joji Tindal. Lauyan da ya kare shi, Alekzanda Koban, wanda daga baya ya zama babban jojin Ingila, bai ɓata lokaci wajen musun harbin ba. Sai ya gina kariyarsa a kan shaidar likitoci, yana dogaro da littafin wani likitan Amurka, Aizik Re, da ya fito a 1838 kan matsayin taɓin hankali a shari'a. Hujjarsa ita ce mutum na iya zama daidai a lissafi da ciniki da magana, amma wani ruɗi guda ya kafu a ƙwaƙwalwarsa, ya mamaye shi har ya ƙwace masa linzamin kansa. Dakta Edwad Manro na asibitin Betlam, wanda ya gana da shi a kurkuku, ya shaida cewa ruɗin na gaske ne ba na ƙirƙira ba. Wasu likitocin suka bi sahu, har da Dakta Fobs Winsilo, wanda bai taɓa duba shi ba, zama kawai ya yi a kotu ya saurari shaidu. Masu gabatar da ƙara ba su kawo likita ko ɗaya da zai ƙaryata su ba. Ganin haka Tindal ya tsayar da shari'ar, masu taya alƙali yanke hukunci kuma suka ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Jaridu suka yi ca, suna cewa an ba mahaukata lasisin kisa. Sarauniya Biktoriya, wadda wani saurayi mai suna Edwad Oksfod ya harba wa bindiga a 1840 kuma shi ma aka wanke shi da hujjar hauka, ta rubuta wa Firayim Minista tana nuna ɓacin ranta. Majalisar Dattawan Birtaniya ta kirawo manyan alƙalan ƙasar ta jefa musu tambayoyi biyar, suka ba da amsa a watan Yunin shekarar. Wannan amsa ita ce ake kira ƙa'idojin Maknotan.

Ga abin da suka ƙunsa a taƙaice. Ana ɗaukar kowane mutum mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka. Wanda ke neman kariyar hauka dole ya nuna cewa a daidai lokacin da ya aikata abin, wata cutar ƙwaƙwalwa ta hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko kuwa ta hana shi sanin cewa abin ba daidai ba ne. Mai ruɗi a fanni guda kuwa, za a auna shi kamar abin da ya raya gaskiya ne: idan ya zaci ana shirin kashe shi a take ya kare kansa, ya kuɓuta, idan kuwa ya zaci an ɓata masa suna ne ya ɗauki fansa, hukunci ya hau kansa. Amsa ta biyar ta shafi likitoci kai tsaye, inda alƙalan suka taƙaita damar neman ra'ayin likitan da bai taɓa ganin wanda ake tuhuma ba kafin zaman kotu. Abin mamakin shi ne, da a ce da wannan ma'auni aka auna Maknotan, da wuya ya tsira daga igiya, domin ya san bindiga ce a hannunsa, ya kuma san doka ta hana kisa. An ƙera ƙa'idojin ne cikin fushi domin kada wani irinsa ya sake kuɓuta.

To, shi kansa ina ya ƙare? A nan ne masu cewa hujjar hauka hanyar tserewa ce ya kamata su dakata. Daga kurkuku aka wuce da shi sashen masu laifi na asibitin Betlam, ya shafe shekara 21 a kulle. A 1864 aka mai da shi sabon asibitin Burodmo, inda ciwon sukari da na zuciya suka ci ƙarfinsa, ya mutu ranar 3 ga Mayun 1865. Shekara 22 ke nan bai sake taka titi a matsayin mai 'yanci ba. Ko bayan mutuwarsa gardama ba ta ƙare ba, domin a 1981 wani masani Ba'amurke, Ricad Moran, ya fitar da littafi yana cewa mai yiwuwa siyasa ce ta tura shi, kuma kuɗin nan da aka samu a sunansa abin tambaya ne. Ko ma mene ne, wannan na nuna mana cewa gane abin da ke cikin kan mutum a wani lokaci da ya wuce ba ƙaramin aiki ba ne, ko da kuwa manyan likitocin zamani ne suka taru a kai.

Yaya aka yi ma'aunin Landan ya iso Jibiya? Ta Indiya ya biyo. Dokar manyan laifuffuka da Turawa suka kafa wa Indiya a 1860 ta ɗauki wannan ma'auni a sashe na 84, daga can aka kwaikwaya wa Sudan a 1899. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda ya ba da shawarar Arewa ta yi doka irin ta Sudan. Haka aka sami Final Kod ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960, kuma sashe na 51 nata, kan wanda hankalinsa ya gushe, jikan ƙa'idojin Maknotan ne. A Kudu kuwa, sashe na 28 na dokarsu, wadda aka aro daga Kwinslan ta Ostareliya, ya ɗan fi faɗi, domin ya yarda da wanda cuta ta ƙwace masa ikon kame kansa ko da ya san abin da yake yi.

Ka tsallaka Magama ka shiga Ɗan Isa, sai ka faɗa cikin wani gadon dabam. Dokar laifuffukan Nijar ta 1961 ta gaji ta Faransa ta 1810, wadda sashe na 64 nata ya ce babu laifi a kan wanda yake cikin hauka lokacin aikatawa, bai kuma tsaya yi wa likita iyaka da tambayar sani ko rashin sani ba. A 1905 ma ministan shari'ar Faransa ya umarci a riƙa tambayar likitoci ko akwai larurar da ta rage wa mutum alhaki ba tare da ta kawar da shi gaba ɗaya ba, domin a sassauta hukunci. Dubi ikon Allah: Katsinawa ne a ɓangarorin biyu, harshe ɗaya, dangi ɗaya, cuta ɗaya, amma tambayar da za a yi wa likita ta danganta da gefen shingen da itacen ya sauka.

Kada kuma mu ɗauka Turawa ne suka fara wannan tunani. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa hankali sharaɗi ne na ɗaukar alhaki, sun kuma rarrabe tsakanin haukan da ba ya ɗagawa da wanda ke zuwa yana tafiya, suka ce mai irin na biyu ana kama shi da abin da ya aikata cikin hayyacinsa. Ba su bar wanda aka cuta hannu rabbana ba, domin sun ɗora diyya a kan dangin mai larurar. Ka ga ashe alƙalin kotun shari'ar Musulunci ma yana bukatar amsar tambaya iri ɗaya: a wane hali mutumin nan yake a wannan sa'a?

Amsa wannan tambaya aiki ne mai tsari, ba duban fuska ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa da kotu ta aika wa mutum yana da tambayoyi uku a gabansa, kuma kowace da lokacinta. Ta farko ta yanzu ce: shin yana fahimtar tuhumar da ake yi masa, zai iya bin zaman kotu ya yi wa lauyansa bayani? Ta biyu ta jiya ce: yaya hankalinsa yake lokacin da abin ya faru? Ta uku ta gobe ce: wane magani yake bukata, kuma wane haɗari ke tattare da sakinsa? Wannan ta ukun ita ce alƙali ya fi bukata kafin ya yanke hukunci.

Likita na gari ba ya wadatuwa da ganawa ɗaya. Zai zauna da mutumin sau da dama, ya lura da shigarsa, da yadda zancensa ke haɗuwa ko warwatsewa, da ko ya san rana da wuri, da ko yana jin muryoyin da babu mai su. Zai nemi iyaye da maƙwabta da abokan sana'a ya ji yaushe halinsa ya fara sauyawa, ko ya daina barci, ko akwai mai irin larurar a dangi, ko an taɓa kai shi asibiti ko wurin mai magani. Zai karanta bayanan 'yan sanda da na shaidu ya gwada su da abin da mutumin ya faɗa. Za a gwada jini da fitsari saboda ƙwayoyi irin su tiramol da kodin, a auna tartsatsin ƙwaƙwalwa idan ana zargin farfaɗiya. Masanin halayyar ɗan Adam kuma zai yi masa gwaje-gwajen kaifin basira da na ɗabi'a. Daga nan sai a gwada alamomin da kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a 2022, a ga ko sikizofireniya ce, ko ruɗin zargi, ko raunin basira, ko aikin ƙwaya.

Mai haukan gangan fa? Shi ma akwai yadda ake kama shi. Yawanci yakan wuce gona da iri, ya amsa kowace alama da aka ambata masa har da waɗanda babu cutar da ke haɗa su, ya kasa amsa abin da ƙaramin yaro zai amsa. Haukansa na tashi idan likita ya shigo, ya kwanta idan ya fita. Shi ya sa ake kwantar da mutum makonni ana lura da shi dare da rana, domin ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mai ciwon gaske kuwa sau da yawa ɓoye ciwonsa yake, har ya fusata idan aka kira shi mahaukaci.

Bayan duk wannan, likita ba ya yanke hukunci. Samun cuta dabam, cika sharaɗin doka dabam. Kotunan Nijeriya sun sha nanata cewa alƙali ne ke da ta cewa, kuma nauyin kawo hujja yana kan wanda ake tuhuma. A nan gizo ke saƙarsa. Ɗan dako a Jibiya, wanda ba shi da lauya, iyayensa kuma ba su san akwai irin wannan kariya ba, ina zai samo likitan da zai tsaya masa? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Manyan asibitocin fannin a wannan shiyya, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, duk tafiya ce mai nisa daga bakin iyaka. Gaskiya ne a Janairun 2023 an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai tushe a dokar Turawa ta 1916, amma doka a takarda ba ta duba majiyyaci.

Saurayin nan na Magama, na bi sawun maganarsa bayan na dawo. Ɗan kasuwar ya warke, alhamdu lillahi. Shi kuwa yaron na same shi a tsare yana jiran shari'a, watanni sun shuɗe, babu likitan da ya gan shi. Ya rame, yana zaune a lungu yana toshe kunnuwansa da tsumma. Ba na cewa ba shi da laifi, domin ni ba likita ba ne, ba kuma alƙali ba. Abin da nake cewa shi ne babu wanda ya sani, kuma babu wanda ya nemi sani. Idan mai lafiya ne, ya cancanci hukunci ba tare da jinkiri ba. Idan majiyyaci ne, ɗaurin shekara biyu ko uku ba zai kashe muryoyin da ke kunnensa ba. Zai fito da su, ya koma tasha, wani bawan Allah kuma ya sake shan itace a ka. Ashe binciken likita ba alfarma ce ga mai laifi kaɗai ba, kariya ce ga ɗan kasuwa na gaba.

Don haka ina kira ga ma'aikatun shari'a da na lafiya na jihohinmu, musamman masu iyaka da maƙwabta, da su haɗa kai a sami likitan ƙwaƙwalwa mai ziyartar gidajen gyaran hali a kai a kai, a kuma horar da ma'aikatan jinya su gane alamun farko. Alƙalai su yi amfani da ikon da doka ta ba su na tura wanda suke shakkar hankalinsa asibiti, ko da babu lauyan da ya roƙa. 'Yan majalisa su duba ko lokaci bai yi ba da za a samar da matsayi na tsakiya, na wanda larura ta rage masa alhaki, kamar yadda Ingila kanta ta yi a 1957 kan laifin kisa bayan ta ga ƙuncin ma'aunin da ta ba mu. Mu kuma iyaye da 'yan'uwa, idan namu ya fara cewa ana bin sa, ana magana a kansa, kada mu yi abin da mahaifin Maknotan da hukuman Gilasgo suka yi. A haɗa addu'a da asibiti tun abin bai kai ga jini ba.

Maknotan ya sami likitoci masu yawa a 1843, ya sami lauya na ji da faɗa, duk da haka duniya na gardama a kansa har yau. Namu kuwa ko likita ɗaya ba su samu. Kafin mu ɗaure mutum ko mu sake shi, mafi ƙarancin haƙƙinsa da haƙƙin al'umma shi ne a tambayi wanda ya sani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yi wa alƙalanmu jagora, ya kuma bar mu da hankalinmu har ƙarshen rayuwa, amin.